Manaja a Wurin Ciyayya

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, lokacin da kowa a Katsina ya tashi da niyyar rushe ɗakin ƙasa ya gina na siminti, ita ce shekarar da aka ba ɗana Yari manaja. Shi ne na uku a gidana, shi ya sa nake iya kama sunansa ba kunya. Shekararsa ashirin da bakwai, bai daɗe da dawowa daga karatu a Kaduna ba, wani kamfanin kayan gini mai hedikwata a Kano ya ɗauke shi ya riƙe masa reshen Katsina, can wajen Ƙofar Sauri. Siminti suke sayarwa da rodi da kwanon rufi. A wannan lokacin ko toka ka zuba a buhu ka ce siminti ne, sai ka ga an yi layi.

Takardar ɗaukar aikin ta ce gwaji ne na wata shida. In sun kusa cika, babban jami'i zai zo daga Kano ya duba, sannan ko a tabbatar da shi ko a kawo wani. Ni karatuna bai wuce elemantare ba, don haka na sa shi ya karanta mini wannan wurin sau uku.

Boko ne ban yi nisa ba, amma ofis na san shi. Shekara ashirin da biyu na yi ina masinja tun zamanin En'e, kafin ciwon gwiwa ya sa na ajiye na kama 'yar tireda a ƙofar gidanmu a 'Yandaka. Na yi aiki ƙarƙashin Turawa biyu da 'yan ƙasa huɗu, ban taɓa ganin ɗayansu yana tauna ba. Na san suna cin abinci, tunda ni nake kai tiren in ajiye in jawo ƙofa. Amma a ce lebura ya ga bakin manaja yana motsi, wannan bai taɓa faruwa a gabana ba. Na zaunar da Yari na faɗa masa duk wannan. Ya ce to, Baba.

Sati biyu da fara aikinsa na lura da wani abu. Kullum da azahar sai ya zo a kan Besfarsa, ya shiga wurin mahaifiyarsa Kulu, ya fito da wani ƙaton kwano a ɗaure cikin tsumma, irin wanda ake kai wa manoma gona. Na tambayi Kulu ko yaron nan ya fara cin abincin mutum biyar ne. Ta ce ai ciyayya suke yi a wurin aiki, kowa yana kawo na gidansu a haɗa a ci tare. Ta faɗa mini haka tana tankaɗe, kamar ba komai ba.

Washegari na rufe tireda na tafi in gani da idona.

A bayan sito akwai wani babban itacen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. A gindinsa na tarar an shimfiɗa tabarma biyu, mutum goma sha ɗaya sun kewaye kwanoni: leburori, akawu, direban motar kamfani Gwadabe, da tsohon maigadi Babaji, wanda ya fi kowa shekaru a wurin. Ɗana kuwa, manajan reshen Katsina, ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa da buta yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwan wanke hannu.

Ashe ciyayyar ta girmi Yari a kamfanin, kuma tana da ka'ida, Babaji ne mai riƙe da ita. Babba shi ke fara sa hannu, shi ke raba nama, ba mai tashi sai ya sallame shi. Ƙarami shi ke zuba ruwa. Da Yari ya ce yana so ya shiga, sai aka bi shekarun kowa, aka tarar ƙaramin lebura ma ya girme shi da wata bakwai.

Babaji ya hango ni, ya miƙe muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, na tambayi nasa. Sannan ya ce in bisimilla. Na ce alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Ya ce ba a tsayawa a kan masu cin abinci, Malam Talle, ko ka zauna ko ka juya baya. Na zauna. Dambun zogalen gidan Gwadabe ne a gabana, kuma gaskiya matar Gwadabe ta iya dambu.

Ina cikin ci na ji Gwadabe yana cewa, "Yari, ruwan nan naka yau ya yi sanyi. Gobe a ɗan ajiye butar a rana."

Yari fa ya ce, ba Manaja ba. Kowa ya yi dariya, har shi Yarin.

Da la'asar da ya dawo na tare shi a tireda. Na ce masa mutumin da ya ga ka durƙusa a gabansa da ƙarfe ɗaya ba zai ji tsoronka da ƙarfe biyu ba. Ya ce shi ba tsoro yake nema ba. Ya ce a gindin bedin nan ya ji cewa rufin sito yana yoyo ta kusurwar gabas, abin da aka shekara biyu ba wanda ya shiga ofis ya faɗa. A nan ya ji wane ɗan kwangila ne ke lallaɓa leburori su ɗora masa kaya kafin na gabansa. Ya ce in ya kulle kansa a ofis, takarda kawai za ta riƙa zuwa masa, ita kuwa takarda abin da aka ga dama ake rubuta mata.

Na ce, "To ranar da ɗayansu ya yi laifi fa? Da hannun da ka zuba mashi ruwa za ka rubuta mashi takarda?"

Ya ce, "Baba, Allah ya kai mu ranar."

Ban haƙura ba. Na je kanti na sayo masa kular abinci mai hawa uku, irin ta manyan ma'aikata, na ce wannan ta cin abinci a kan tebur ce. Ya yi godiya sosai. Bayan kwana biyu Babaji ya aiko a gaishe ni, wai kular ta yi kyau, yanzu miyar Kulu tana isa gindin bedi da zafinta. Na koma wurin Kulu na ce ta daina girka abincin rana mai yawa. Ta ajiye muciya ta dube ni, ta ce Malam, so kake ɗana ya je ya sa hannu a abincin mutane shi bai kawo komai ba? Ta ce in ina so a yi da ita a gari, to in faɗa mata kai tsaye. Ban sake tayar da maganar ba.

Haka aka tafi wata huɗu. Ciniki yana ta haɓaka, motoci suna sauke siminti safe da yamma. Nakan bi ta can lokaci lokaci, wai hanya ce ta biyo da ni, ko da yake ba abin da nake nema a Ƙofar Sauri. Sau uku Babaji yana kama ni yana zaunar da ni.

A wata na biyar, lokacin kaka, ranar da nake tsoro ta zo. Wata Asabar aka ba Gwadabe siminti ya kai wa mai ginin makaranta a hanyar Jibiya. Ya sauke, maimakon ya dawo ya ɗauki sahu na biyu, sai ya zarce ƙauyen surukinsa ya lodo dammunan gero. A hanyar gona sifirin motar ya karye. Motar ta kwana biyu a daji, magina suka zauna ba aiki, mai ginin ya zo ofis ya yi faɗa har mutanen titi suka taru.

Ka'idar kamfani a fili take: dakatarwa ta sati biyu, a rubuce, a aika kwafi Kano. Yari ya kwana uku bai rubuta ba. Yakan dawo gida ya zauna a zaure shi kaɗai, Kulu ta ce ko furarsa ba ya shanyewa. A rana ta biyu Gwadabe ya zo tireda, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce Baba, ka sa baki, ai mun zama ɗaya. Na buɗe baki in ce masa ni ba ruwana da harkar ofis, sai dambun gidansa ya faɗo mini a rai. Abin da na iya cewa kawai shi ne Allah ya kyauta. Ni da na ci sau huɗu ke nan, ina ga wanda ya ci wata biyar.

Ran Laraba Yari ya sa hannu a takardar. Ya kira Gwadabe ofis, ya miƙa masa, ya ce ya ajiye makullin mota. An ce Gwadabe ya karɓa da hannu biyu, ya ce na gode Manaja, ya fita.

Na ɗauka ciyayya ta mutu ke nan, har na ji wani sanyi a raina. Ashe washegari da azahar sai ga Gwadabe a kan keke da kwanonsa a ɗaure a baya. Leburori suka yi cirko cirko, kowa yana duban Babaji. Babaji ya gyara zama ya ce daga mota aka dakatar da shi, bai ji an ce daga abinci ba. Gwadabe ya zauna a wurinsa na kullum. Bai ce wa Yari uffan ba, hannuwansa kawai ya miƙa. Yari ya ɗauki buta ya zuba masa. Haka suka yi ta yi kullum, ba magana, sai ruwa.

Ana cikin sati na biyu na dakatarwar waya ta zo daga Kano: babban jami'i, Alhaji Ja'afaru, zai zo ran Talata da ƙarfe goma na safe. Na roƙi Yari ya bar ciyayya ranar, rana ɗaya tak. Ya ce ai kafin azahar Alhaji ya gama ya tafi, ba abin damuwa.

Ran Talata na sa farar babbar rigata ta Juma'a na tafi. Ban shiga ba, na zauna a benci wurin mai shayin da ke kallon ƙofar kamfanin. Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, babu Alhaji. Aka yi sallar azahar. Na ga Babaji ya jawo ƙofa ya bar ta a sakaye, ya ɗauki tabarmi ya zagaya bayan sito. Na ga Gwadabe ya shigo da kekensa. Na bi su.

Na tarar Yari ya riga ya naɗe hannun riga, buta tana hannunsa. Ina tsaye ina neman yadda zan fara magana, sai na ji ƙarar mota a ƙofa, irin ƙarar nan mai laushi ta sabuwar Fijo, ba ta motar siminti ba.

Ban san lokacin da na fizge butar ba. Na ce masa ya bi ta ƙofar baya ya shiga ofis ya zauna a kujerarsa. Ya ce Baba. Na ce ni na haife ka ko kai ka haife ni? Ya tafi. Ni a tunanina, in dai ruwa ne ai kowa ma zai iya zubawa, a gama da wuri a rufa asiri. Na tattare babbar riga na durƙusa gaban Gwadabe, tunda shi ne na kusa, na karkata buta.

Gwadabe ya janye hannuwansa kamar wuta na miƙo masa. Ya miƙe tsaye yana salati. Sauran ma duk suka miƙe. Babaji ya ce, "Malam Talle, so kake ka ja mana abin faɗa? Uban manaja, da furfurarka, ka zuba ma ɗiyan cikinka ruwa? Aje butar nan." Na ce su zauna don Allah, su suka ce in tashi don Allah. Ba wanda ya zauna, ni kuma gwiwata ta riƙe, na kasa tashi.

A haka Alhaji Ja'afaru ya same mu. Ya yi ta hon a ƙofa ba maigadi, ya tura da kansa ya shigo, ya bi hayaniya har bayan sito. Dogo ne, da tabarau da hula zanna. Ya tarar da mutum goma sha ɗaya a tsaye sun kewaye abinci ba mai ci, da wani dattijo a durƙushe da buta. Ya yi sallama, ya dube ni ya ce, "Baba, ina manajanku?"

Na ce, "Yana ofis, ranka ya daɗe."

Ya ce in ɗauko masa jakarsa a mota in kai can. Abin mamaki, gwiwar da ta ƙi tashi don Babaji sai ta tashi. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Na je na ɗauko jakar, na riƙe ta a ƙirji yadda ake riƙewa, na bi bayansa da taku uku, na tsaya a bakin ƙofar ofis na cire takalmi.

Yari yana ganina ya taso da sauri ya karɓi jakar. Ya ce, "Alhaji, mahaifina ne."

Ban taɓa ganin babban mutum ya rikice irin haka ba. Alhaji ya cire tabarau, ya risina ya kama hannuna da hannu biyu, ya shiga gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali, ya koma farko ya sake. Ya ba ni haƙuri ya fi sau biyar. Ya ja kujerar baƙi ya ce sai na zauna. Na ɗosana a bakinta, don ban taɓa zama a ofishin manaja ba.

Da ya natsu sai ya tambayi abin da dole ya tambaya: me ya sa mahaifin manaja yake zuba wa leburori ruwa? Na ƙyafta wa Yari ido. Bai ko dube ni ba. Ya ce aikinsa ne, shi ke zubawa kullum tun wata biyar da suka wuce, don shi ne ƙarami a ciyayyar, yau ne kawai Baba ya karɓe shi saboda zuwan Alhaji. Ya faɗi komai, har da kular.

Alhaji ya ce a kawo fayil. Ya yi ta buɗawa har ya zo kan takardar dakatarwa, ya karanta, ya tambaya wane ne Gwadabe. Yari ya ce shi ne mai shuɗiyar taguwa a waje. Alhaji ya ce wanda aka dakatar me yake yi a nan? Yari ya ce abinci ya kawo. Alhaji ya rufe fayil. Sannan ya juyo wurina, kamar hira, ya ce yana da wani manaja a wani reshe da ke cin abinci da yaransa, shekara uku bai iya rubuta wa ko mutum ɗaya takarda ba. Yana da wani kuma mai kulle ƙofa ya ci shi kaɗai, aka kwashe rabin sito bai sani ba. Na jira in ji wanne ya fi so a cikinsu. Bai faɗa ba. Ya zagaya sito, ya duba rufin da aka gyara, Babaji ya yi masa bisimilla, Alhaji ya ce ya riga ya ci a Kankiya. Kafin la'asar ya shiga mota ya tafi.

Kwana goma sha shida muka yi muna jira. Na rame har Kulu ta fara dafa mini abin da ake ba marar lafiya. Na riƙa cewa a raina, da ban je ba, da yaron nan ya gamu da Alhaji da butarsa, aƙalla abin kunyar ɗaya ne. Gwadabe ya koma bakin aiki, ya karɓi makullinsa, aka ce a ranar ya yi wa Yari magana a wurin ciyayya karo na farko, wai ya rage rowar ruwa.

Takardar ta zo ran wata Alhamis. Yari ya kawo ta tireda ya karanta mini, na ce ya sake. An tabbatar da shi manaja. An ba shi gidan kamfani a Jiyare, unguwar manyan ma'aikata, ya tare in ya shirya. A ƙasa Alhaji ya ƙara layi biyu da hannunsa: a gaida Baba, kuma daga yau kada a sake barin ƙofar kamfani ba maigadi, ko da lokacin cin abinci ne.

Na ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga. Yari ya zauna a bencin tireda, ya ce akwai abin da bai faɗa mini ba. Ya ce kwana ukun nan da ya yi kafin ya sa hannu a takardar Gwadabe, saura kaɗan ya yaga ta, kuma da ya yaga da shi ke nan. Ya ce ya yanke shawara zai riƙa zama ciyayya kwana biyu a sati, Litinin da Laraba, sauran ranakun ya aika da kwanonsa ya ci nasa a ofis. Na ce kwana ɗaya ma ai ya isa. Ya ce biyu, Baba. Na bar shi a biyun, ina ganin na ci riba.

Abin da ban hango ba shi ne layin nan na maigadi. Babaji ba zai ƙara barin ƙofa ba, umarni ne daga Kano. Ciyayya kuwa ba a fara ta sai babba ya sa hannu. Leburori suka yi shawara ta minti biyu, suka naɗe tabarmi daga gindin bedi, suka shimfiɗa su a bakin ƙofar kamfani, a gefen titi, daidai inda motocin Jibiya suke rage gudu.

Satin da ya biyo baya mutum huɗu suka tsaya a tireda, kowa da irin murmushinsa, su ce Malam Talle, mun ga Manaja. Na ce musu eh, an tabbatar da shi, daga Kano aka rubuto. Na huɗun, wani tsohon abokin aikina ne na En'e, ya ce ya gan shi da buta a bakin titi. Na ce ranar Litinin ce ko Laraba? Ya ce Laraba. Na ce to daidai ne, ranarsa ce, sannan na tambaye shi ko sukari ya zo saye.